Yadda Tubosun Ya Sami Ɗamara

Duk wanda ya taɓa zama minti biyar kusa da Tubosun Akinrinade ya san ya yi aikin ruwa a Legas, domin ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya san yadda ya cusa zancen. A faɗarsa, shi ya shayar da rabin birnin. Matarsa Iya Moyo, mai sayar da amala, wato tuwon garin doya, ita kaɗai ta san gaskiyar magana: mako uku ya yi yana fentin wani tankin ruwa, aka sallame shi ranar da ya fente kan famfo har ya ƙi murɗuwa. Ba ta taɓa tona shi ba, sai dai in ya fara ta juya baya ta ci gaba da tuƙi. Sunan Injiniya ma shi ya raɗa wa kansa, mutane suka karɓa don a zauna lafiya.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Injiniya a rai, ɗamara. A cocinsu na masu fararen riguna ba a gane babba sai da ɗamarar da ke ƙugunsa. Shekararsa goma sha ɗaya yana rawa, yana kaɗa ƙararrawa, yana amsa amin da ƙarfin da ya fi na kowa, amma rigarsa tana nan sake kamar buhu. Yaran da aka haifa a gaban idonsa sun ɗaura. Wallahi abin yana ci masa tuwo a ƙwarya, har in ya ga wani yana gyara tasa sai ya kau da kai.

To, kowace shekara in damina ta yi tsakiya jama'ar cocin kan hau dutsen Oke Moloko, su kafa rumfunan ganyen kwakwa da tantuna, su yi kwana bakwai ana addu'a. Mutum dubu biyu, ban da na goye. A gindin dutsen akwai wata tsohuwar bishiyar loko, nan kowa yake tuɓe takalmi, domin daga loko zuwa sama ƙasa ce mai tsarki, komai girmanka da tafin ƙafa za ka taka ta.

Bana, saura mako biyu a hau, sai ga takarda daga wole-wole, wato duba-gari. Wai bara gudawa ta kwantar da mutane a wani sansanin, don haka a rana ta biyar za ta zo ta duba ruwan sha da makewayi. In ta ga abin da bai kwanta mata ba, kowa ya naɗe tabarmarsa. Baba Woli, shugaban cocin, ya karanta wa dattawa. Bai gama ninke takardar ba Tubosun ya zube rub-da-ciki a gabansa.

"Baba, wannan ba aikin addu'a ba ne, aikina ne. Ku ji da sama, ku bar mini ƙasa."

Baba Woli mutum ne mai sanyin hali, ba ya iya cewa a'a ga wanda ya kwanta masa. Ya ce, "Tashi, ɗana. In matar nan ta zo ta tafi taro bai watse ba, da hannuna zan ɗaura maka ɗamara."

Tubosun ya miƙe yana kakkaɓe riga, har ya fara shafa ƙugu.

Sai dai akwai Iya Durojaiye, tsohuwar da ta yi shekara talatin tana kula da ruwan dutsen. Aikinta ba shi da wani kwalliya. Mata su hau can sama inda idon ruwa yake, su ɗebo, a tace da farin ƙyalle, a zuba a randuna a rufe, kowace randa da moɗarta. Makewayi kuwa can gangare, bayan loko. Ta tambayi Tubosun me zai canza. Ya yi mata dariyar tausayi, ya ce zamanin randa ya wuce. Shi injin zai ɗauko ya zuƙo ruwa daga rafin ƙasa, ya cika ganguna ashirin a tsakiyar sansani, sannan ya gina shadda ta zamani mai ƙofa goma sha biyu.

"A ina za ka haƙa ta?"

"Nan bayan rumfuna, Mama, don tsofaffi irinku su huta da gangara."

Tsohuwar ta dubi ƙafarta, ta dubi tasa, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta fasa. Ta ce Allah ya ba da sa'a.

Ranar farko injin ya tashi da ƙugi, ruwa ya cika ganguna, Injiniya ya tsaya a kan wani dutse hannu a ƙugu yana karɓar gaisuwa. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne inda ya samo gangunan. Wajen masu rini ya saye su, don sun fi araha, ya ɗauraye su sama-sama. Da hantsi mata suka ɗebi ruwa suka wanke rigunan da suka sha jar ƙasa a hanya. Kafin rana ta karkata, igiyoyin shanya daga wannan gefe zuwa wancan sun cika da riguna shuɗaye. Cocin masu fararen riguna fa! Jama'a suka yo kansa. Ko gezau bai yi ba, ya ce bula ce ta musamman, a Legas sai manya ake sa wa. Wani magidanci ya jawo ɗansa gaba, ya ce ya fito da harshe. Harshen shuɗi ne har maƙogwaro. Ya tambayi Injiniya ko shi ma wanki aka yi masa. Injiniya ya duba da kyau, ya ce alamar maganin ya kama ne.

Duk da haka ya sa aka tuntsurar da gangunan ashirin aka goge da yashi. Ruwan ya bi wani ɗan kwari, ya gangara bayan sabuwar shadda da kafintoci ke kan bugawa, ƙasa ta shanye.

Rana ta biyu aka wayi gari an yi ruwan sama, rafi ya yi jajir, abin da injin ya kawo ya fi kama da kunu. Nan ma Injiniya bai rasa dabara ba, ya ce a kawo alif, wannan farin dutsen da ake jefa wa ruwa laka ta kwanta. Alif fa, ɗan gutsure kamar ƙwayar gyaɗa ya ishi randa guda. Shi buhu ya farke, ya bi ganguna yana zubawa da kwano. Gaskiya ruwa ya yi garau. Ya cika kofi ya riƙa zagaya rumfuna yana ɗaga shi sama don a gani, amma shi bai kurɓa ba.

Mawaƙa ne suka fara sha, don su jiƙa maƙoshi kafin sujadar yamma. Aka buga ganga, aka kaɗa ƙararrawa, mai ba da waƙa ta ja numfashi za ta ɗaga Halleluya, sai bakin ya ƙi buɗuwa. Ya tsuke kamar bakin jakar da aka ja wa zariya. Mutum arba'in suka tsaya a jere, leɓɓa a tattare, babu abin da ke fita sai fito. Baba Woli ya ɗauka sabuwar waƙa ce, ya lumshe ido yana rangaji.

Iya Moyo ba ta yi rangaji ba. Ta same shi a bayan rumfa da ludayin miya a hannu, ta ɗebo ta zubar a gabansa. Miyar ayoyo ce, amma ta zuba tsululu, babu yauƙi ko na misali.

"Baban Moyo, shekara ashirin ina miya, yau ce rana ta farko da aka dawo mini da kwano. Me ka zuba a ruwan nan?"

"Kimiyya ce, Iya Moyo. Ba fanninki ba ne."

"Ita ce irin wadda ka shafa wa famfon Legas?"

Ya waiga hagu da dama ko wani ya ji, ya roƙe ta ta rage murya. Aka sake tuntsurar da ganguna ashirin, ruwan ya sake bin kwarin nan zuwa bayan shadda.

Rana ta uku kafintoci suka gama, kuma a nan Injiniya ya sa ran wanke sunansa. Da sassafe ya sa aka toshe hanyar tsofaffin makewayi da ƙaya don kada kowa ya koma jahilci. Ya ɗaura ƙyalle a bakin sabuwar shadda, ya yi jawabin da ya kai rabin awa ga mutanen da ke tsaye suna matse ƙafa, sannan ya yanke. Wani dattijo da ke kan gaba ya taho da sauri, ya tura ƙofa, ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai ya tsaya cak. Ya dubi daɓen katakon, ya dubi ƙafarsa.

"Injiniya, da tafin ƙafata zan shiga? In fito in taka wurin sujada?"

Ashe abin da Iya Durojaiye ta haɗiye ke nan. Ba don mugunta kakanni suka kai makewayi bayan loko ba, don a can ne mutum yake da takalmi a ƙafa. Ba wanda ya taɓa faɗa, domin ba wanda ya taɓa zaton akwai mai buƙatar a faɗa masa. Yanzu ga shadda a kan ƙasa mai tsarki, da takalmi ba ta shiguwa, babu takalmi ba ta shiguwa.

Wani ne da ya sunkuyar da kai, amma ban da Tubosun. Ya aika aka kwaso toka daga murhun matarsa, ya zagaye shaddar da ita, ya sanar cewa duk abin da ke cikin da'irar nan ya cire shi daga dutsen. Baba Woli ya tambaya a hankali ko ana iya haka. Injiniya ya ce a Legas kullum ana yi. Sannan ya sauka kasuwa ya sayo silifa ƙafa goma sha biyu, ya ɗauko su a buhu a ka don kada su taɓa ƙasa, ya ɗaure kowace da igiya a jikin ƙofarta saboda ɓarayi.

Duk silifan daidai ƙafarsa ya saya, shi kuwa ƙafar Allah ya yi masa ita wadatacciya. Wannan da sauƙi. Igiyar ce ya auna da ido, ta gaza kaiwa bakin rami da taku ɗaya. Duk wanda ya shiga, sai ka ji fat, fat, sannan wani ɗan shiru, sannan addu'ar da ba ta cikin littafi. Kafin azahar layi ya ragu ƙwarai. Injiniya ya ga mutane suna ta gangarawa wajen loko ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa kansa takalmansu suke zuwa dubawa.

Rana ta huɗu Iya Moyo ta ja hannunsa zuwa bakin wata ganga ta ce ya leƙa. Tsutsar sauro ce fal, tana wutsil-wutsil, don injin daga wani kwantaccen gefen rafi yake zuƙa. Yaro da babba kowa ya san aikin wole-wole: ta tsoma dogon ludayinta a ruwa ta ɗago, in ta ga tsutsa ko ɗaya, magana ta ƙare. A karon farko ya ji ɗamarar tana zame masa, tsoro ya kama shi sosai.

Sai ya tuna kifi yana cin tsutsa. Da tsakar rana, lokacin da kowa ya hau ƙololuwar dutse addu'a, ya lallaɓa wajen masunta ya dawo da tarwaɗa ashirin masu rai, ya bi ganguna yana jefa ɗaya-ɗaya. Matarsa tana tsaye tana kallo, hannu a haɓa. Ta tuna masa cewa mutanen cocin nan ko a miya ba sa yarda su ga kifi marar ɓawo, balle a ruwan shansu.

"Wa ya ce ci za su yi? Waɗannan ma'aikata ne."

Ta ce to Allah ya sa su fi maigidansu iya aiki.

Rana ta biyar da hantsi wole-wole Madam Falodun ta iso, gajeriyar mace cikin kaki, da takalmin roba har gwiwa, da littafi, da ludayin nan da ya kusa kai tsawonta. Injiniya ya tare ta a gindin loko, ya gabatar da kansa a matsayin abokin aiki, ya ce sai dai a yi haƙuri a tuɓe. Ba ta yi gardama ba, ta ce uwarta ma mai farar riga ce. Ta cire takalman ta jingine, ta dube shi sama da ƙasa.

"Amma ka sani, duk abin da na taka sai na rubuta."

Jama'a suka bi su ɗuu, riguna rabi fari rabi shuɗi, Baba Woli a gaba. Ta tsoma ludayi a gangar farko, babu tsutsa. Ta biyu, babu. Ta uku, babu. Injiniya ya fara yi wa taro bayani a kan bambancin mai ilimi da mai randa. A ta huɗu ludayin ya yi nauyi. Ta ɗago, sai ga wani ƙaton kifin tarwaɗa mai gashin baki, ya watsa mata ruwa a fuska, ya yi tsalle ya faɗo daidai kan ƙafar Baba Woli. Tsohon da ke tafiya da sanda ya yi tsallen da bai yi ba tun yana saurayi.

"Shaida ce ruwan yana da lafiya, Madam," in ji Injiniya. "Mataccen ruwa kifi ba ya zama a ciki."

Madam ta share fuska, ta rubuta, ta ce a kai ta makewayi.

Ta daɗe tana kallon da'irar toka da silifa masu igiya. Ta zagaya baya, ƙafarta ta nutse a taɓo har idon sawu, ta rubuta. Ta dawo ta ƙwanƙwasa daɓen da ludayi, ta ce ƙasar da ke riƙe da katakon nan ta jiƙe, kada kowa ya sake shiga. Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce daɓen nan babbar mota za ta kwana a kai. Don ya nuna mata, ya zura silifa, ya tsinke igiyar, ya shiga ƙofa ta tsakiya ya bar ta a buɗe yadda kowa zai gani.

"Madam, ki ƙirga."

Ya yi tsalle ya dira. Ɗaya. Ya sake, ya dira da ƙarfi. Biyu. Ya ɗaga wa Baba Woli hannu, ya tattare riga, ya tashi sama na uku.

Ƙasar da ta sha ganga arba'in ta ce ta gaji. Daɓe ya buɗe, Injiniya ya wuce, ƙofofi goma sha biyu suka bi juna suna kwanciya kamar masu gaida sarki. Da ƙura ta lafa aka leƙa, ga shi can ƙasa tsaye, abin ya kawo masa har ƙirji. Rabinsa shuɗin rini ne, ɗaya rabin kuwa ba sai na faɗa ba.

Aka shiga neman igiya. Wani ya tsinko ta silifa ya zura, ta gaza. Injiniya kuwa yana ƙara nutsewa, ya daina zancen Legas, sai sunan matarsa yake kira. Da Baba Woli ya ga abin ya wuce wasa, sai ya kwance tasa ɗamarar, rawaya mai tuntu, wadda ke zagaya ƙugunsa sau huɗu. Ya ƙulla mata zarge da hannunsa, ya durƙusa a bakin rami ya jefa masa ta ka, ta sauka ta kama ƙugu. Ƙarti shida suka ja da hannu ɗaya-ɗaya, ɗayan hannun yana kan hanci, suka fito da shi.

Madam Falodun ta riga ta buɗe shafin rufe sansani. Abu ɗaya ne ya ɗaure mata kai, ta tambaya yadda aka yi mutum dubu biyu suka kwana biyar a kan wannan ruwa ba a kwantar da kowa ba. Sai Iya Durojaiye ta matso, ta ce 'yata zo mu je. Ta kai ta bayan rumfar mata. Randuna arba'in ne a jere, kowace a rufe, da moɗarta a kife. Tun ranar da mawaƙa suka yi fito mata suka koma hawa idon ruwa, gangunan Injiniya ƙafa kawai ake wankewa da su. Ƙayar da ya toshe hanya da ita kuwa tuni ta dafa wake. Madam ta tsoma ludayi, ta duba, ta sha, ta ƙara. Ta gangara bayan loko ta dubo tsofaffin makewayi, ta dawo ta ce taro ya ci gaba, amma a cike ramin nan yau, ganguna da ma'aikatan cikinsu su bar dutsen.

Jama'a suka ɓarke da waƙa. Ana cikin haka sai aka ji murya daga tsakiyar wani fili da kowa ya buɗe masa. Tubosun ne, yana ɗiga, ya zube rub-da-ciki.

"Baba, matar ta zo, ga ta za ta tafi, taro bai watse ba. Kuma kowa shaida ne, da hannunka ka ɗaura."

Baba Woli ya dubi ɗamarar da ya yi shekara ashirin yana ɗaurawa, ya dubi launin da ta koma. Ya ja da baya taku biyu.

"Riƙe ta, ɗana, taka ce har abada. Sai dai ita da haye loko, an gama."

To ka ji yadda aka yi. Tubosun ya zaɓi ɗamara ya haƙura da hawa dutse, don haka aka ba shi gadin takalma. In ka je Oke Moloko baɗi, shi za ka fara gani a gindin loko, ƙugu a ɗaure, zai kuma gaya maka takalmi dubu huɗu ne a ƙarƙashinsa, kuma duk cocin shi kaɗai ne ɗamararsa ta fito daga ƙugun Baba kai tsaye. Duka gaskiya ne. Iya Moyo ta wanke ta sau bakwai, har da lemun tsami. Ba ta hana shi cika baki ba, abu ɗaya ta roƙa: in zai zo cin amala, ya duba inda iska ke kaɗawa tukuna.